Da Ɗan Gari A Kan Ci Gari

In mutum ya taso daga birnin Kano ya nufi gabas, ya haye gadar Wudil, ya kama hanyar Gaya, bayan tafiyar kamar mil 40 zai iske kansa cikin wata tsohuwar ƙasa ta manoma da maƙera da malamai. A cikin wannan ƙasa garin Kademi ya ke, da Ajingi, da sauran garuruwa da ƙauyuka masu yawa. Baƙi ba su yankewa a nan. Wani ciniki ya kawo shi, wani karatu, wani aikin gwamnati. Wani kuwa, musamman a wannan zamani, ba abin da ya fito da shi daga gida sai son ya ga yadda mutane su ke zaune, da abin da su ke ci, da yadda su ke aure da suna da sauran bukukuwa.

Amma ba kowane baƙo ke ganin abin da ya zo gani ba. Wani ya kan yi kwana bakwai ya koma bai ga kome ba sai katanga da danga da ƙurar kasuwa. Wani kuwa kwana biyu kaɗai zai yi, ya tafi da sanin gari kamar a nan aka binne cibiyarsa. Abin da ya raba su shi ne ƙofar da kowa ya shiga. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, sun kuma ce da ɗan gari a kan ci gari. Nufinmu a nan mu bi tarihin ƙasarmu, da na wata ƙasa mai nisa, mu ga ko wannan magana ta tabbata.

BAƘIN FARKO NA ƘASAR GAYA

Tsofaffin labarun Hausa sun ambaci Gaya tun a kan maganar baƙo. An ce sa'ad da Bayajida ya gudo daga Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, kusa da Haɗeja, ya ci gaba shi kaɗai har ya iso Gaya. A nan ya sami maƙera, ya roƙe su suka ƙera masa wuƙa irin wadda ya ke so. Da ita ya isa Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙe ta ruwa. Ita ce ta gaya masa labarin rijiyar Kusugu, da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ko da ya ke wannan labari na kunne ya girmi kaka ne, akwai abin lura a cikinsa. Makamin jarumin nan maƙeran Gaya suka ba shi, labarin gari kuwa tsohuwar da ta sauke shi ta ba shi. Ba don su ba, da ya kwana a Daura ya wuce ba wanda ya san da shi.

Har wa yau an ce daga Gaya wani maƙeri mai suna Kano ya tashi da jama'arsa suna neman tama, suka zauna a gindin dutsen Dala, gari ya ɗauki sunansa. Zuriyarsu su ne a ke kira Abagayawa. Masu binciken tsofaffin kufai sun tono wurin narka ƙarfe a Dala, awo ya nuna tun wajen ƙarni na 7 a ke wannan sana'a a wurin. Ashe mutanen Gaya sun karɓi baƙi, su ma sun yi baƙunci.

Littafin tarihin Kano ya ƙara da cewa a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi sarauta daga 1452 zuwa 1463, Agalfati ɗan Sarkin Machina ya zo, shi ne Sarkin Gaya. Kafin wannan, a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa sun zo daga ƙasar Mali da addinin Musulunci, shugabansu Abdurrahman Zaite. Ba su zo da yaƙi ba. Sun fara da gaban sarki, ya karɓe su, aka gina masallaci, aka naɗa liman da ladan daga cikinsu. Mai karatu ya riƙe wannan zamani na Yaji, don za mu komo kansa.

FATOMA DA ZANGO

Da fatauci ya bunƙasa tsakanin Barno da Kano da Gwanja, sai Hausawa suka tsara wa baƙo doka wadda ba a rubuta ba, amma kowa ya san ta. Ayari ba ya faɗa wa gari haka kawai. Madugu ya kan sauke mutanensa a zango, a aika a gai da mai gari da ɗan abin gaisuwa, kana a shiga kasuwa. A manyan garuruwa kowane falke yana da fatoma, watau mai masaukin da ya saba sauka gidansa. Fatoma shi ke ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali. In za a ba da bashi, shi ke tsaya masa. In rigima ta taso, shi ke raka shi gaban alƙali. Ladarsa kuwa la'ada ce daga abin da aka sayar. Da haka mutumin da bai san kowa ba a gari ya kan yi cinikin dukiya mai yawa, ya tafi lafiya.

Sunayen unguwannin birnin Kano shaida ne ga wannan tsari. Akwai Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Agadasawa, da Ayagi ta Yarabawa, da Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamus suka zauna, gama a wancan zamani Larabawa a ke kira Turawa. Kowane baƙo ya san inda zai sami mai jin harshensa, wanda zai kama hannunsa ya nuna masa gari. Haka kuma Hausawa suka kafa nasu zangunan a Salaga da Kumasi da Ibadan, kowanne da sarkin zango ko sarkin Hausawa mai karɓar sabon zuwa.

A ƙauye abin ya fi sauƙi, amma ƙa'idar ɗaya ce. Malami ya kan nufi gidan liman, falke gidan fatoma, wanda ba shi da kowa kuwa ƙofar mai gari. Zaure kuma don baƙo aka yi shi. Nan za a shimfiɗa masa tabarma, nan za a kawo masa ruwa da fura, nan maigida zai fito su gaisa.

MATAFIYA MASU RUBUTU

Turawan da suka fara zuwa ƙasar nan don su gani su rubuta, ta wannan ƙofa suka shiga. Clapperton, hafsan jirgin ruwan yaƙi na Ingila, ya taso daga Kukawa ta hanyar Katagum. Abokin tafiyarsa, Likita Oudney, ya mutu a hanya, shi kuwa ya ratso gabashin ƙasar Kano, ya shiga birni ran 20 ga Janairu, 1824, a zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya caɓa ado da kayan sarkinsa yana tsammani gari zai tsaya kallonsa. Shi da kansa ya rubuta cewa ba wanda ya ko waiwaye shi, kowa yana ta sha'aninsa. Abin da ya yi masa rana takarda ce da Shehun Barno, Muhammadu El-Kanemi, ya ba shi zuwa ga wakilinsa, Alhaji Hat Salah. Wannan attajiri shi ya nemo masa gida, ya buɗe masa hanya zuwa ga manyan gari. Daga nan Clapperton ya sami damar zaga kasuwa, ya ga tsarin rumfuna da aikin dillalai, har ya sayi laimar Ingila a tsakiyar kasuwar Kano.

Bayansa da shekara 27, cikin Fabrairu 1851, zamanin Sarki Usman, Dokta Barth mutumin Jamus ya iso, yana amsa sunan Abdulkarim. Ya shigo da zazzaɓi da bashi, ba shi da abin a zo a gani. Amma ya riga ya koyi Hausa a hanya daga bakin abokan tafiya, saboda haka ba ya bukatar a tsaya tsakaninsa da mai magana. Ya hau doki da ɗan rakiya ya zaga lungunan birni, ya hau Dala ya zana hoton gari, ya rubuta sunayen unguwanni, ya tsaya wurin marina da masaƙa yana tambaya. Ya ƙiyasta mazauna birni sun kai 30,000, suna ninkawa da rani sa'ad da fatake suka cika gari. Har yau masu tarihi suna dogara ga abin da ya rubuta, dalili kuwa shi ne ya yi tambaya da harshen masu gari, ya kuma yi haƙurin jin amsa.

Duk da haka akwai inda waɗannan maza ba su kai ba, watau cikin gida. Wannan sai da mace ta zo. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta ƙulla ƙawance da wata tsohuwa, Baba, mutuniyar Karo. Kullum su kan zauna tare, Baba tana ba da labarin rayuwarta, ita kuwa tana rubutawa da Hausa. Littafin ya fito da Turanci cikin 1954. A cikinsa duniya ta ji yadda a ke haihuwa da wankan jego da riƙon 'ya'ya da zaman kishiyoyi, da yadda harin bayi ya ke a da. Tsohuwa ɗaya ta buɗe ƙofar da jakadun sarakuna ba su iya buɗewa ba.

BAƘI DAGA TSIBIRAN FILIFIN

Bayan samun mulkin kai, musamman daga 1970 zuwa farkon shekarun 1980, sa'ad da kuɗin man fetur ya sa aka buɗe makarantu da asibitoci masu yawa, gwamnatocin jihohin Arewa sun ɗauko ma'aikata daga ƙasashen waje. A cikinsu akwai malaman makaranta da likitoci daga Filifin. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi sakandare ko kwalejin horon malamai a wancan lokaci, a hannunsu suka koyi lissafi da kimiyya. Ya kamata mu san wani abu game da ƙasar waɗannan baƙi namu, domin tarihinta ya yi kama da namu a kan wannan magana.

Filifin tsibirai ce fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya, babban birninta Manila. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta sun kai miliyan 109. Sifaniyawa sun mallake ta daga 1565 zuwa 1898, daga sunan sarkinsu Filib na Biyu ta sami sunanta. Daga nan Amurka ta karɓa, har ta sami 'yanci ran 4 ga Yuli, 1946. Yawancin mutanenta Kirista ne, amma a kudu, a Mindanao da tsibiran Sulu, akwai Musulmi miliyoyi.

Baƙi biyu sun shahara a tarihin ƙasar. Na farko Shehu Karimul Makhdum, wanda labarun mutanen Sulu suka ce ya sauka tsibirin Simunul cikin 1380. Mai karatu ya duba, wannan shekara ta faɗo cikin zamanin Sarki Yaji, lokacin da littafin tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso. Shi ma Makhdum ta hanyar ciniki da koyarwa ya shiga, ya zauna da mutane, aka gina masallaci wanda a ke ɗauka shi ne na farko a ƙasar. Bayansa wani Sharifi mai suna Abubakar ya zo, ya auri 'yar sarkin wurin, ya kafa sarautar Musulunci ta Sulu cikin ƙarni na 15.

Na biyu Magellan, mutumin Fotugal mai yi wa Sarkin Sifen aiki. Ya iso cikin Maris 1521, Sarkin Sebu, Humabon, ya karɓe shi hannu biyu, suka ƙulla amana. Amma a tsibirin Maktan da ke kusa akwai wani shugaba, Lapulapu, wanda ya ƙi bin umurnin baƙo. Magellan ya ce zai hore shi. Mai masaukinsa ya kawo mayaƙa don su taimake shi, sai ya ce su zauna cikin kwalekwalensu su yi kallo. Bai san ruwan wurin ba, jiragensa suka kasa matsowa gaɓa saboda duwatsu, igwoginsa ba su yi amfani ba. Ya shiga ruwa a ƙasa da mutane ƙasa da 60, aka kashe shi ran 27 ga Afrilu, 1521. Cikin jirage 5 da suka taso daga Sifen, ɗaya kaɗai ya kammala tafiyar ya koma cikin 1522, da mutum 18. Masallacin Simunul kuwa har yanzu ana ziyararsa.

Bahaushen da ya je Filifin yau zai iske al'adu da ba za su zame masa baƙi ba. Mai zuwa gidan wani ya kan tsaya a ƙofa ya ce "tao po", watau ga mutum nan, kamar yadda mu ke sallama. Yaro ya kan kama hannun babba ya ɗora a goshinsa don girmamawa, suna kiran wannan "mano". A magana da manya a kan saka kalmar "po", kamar yadda mu ke cewa ranka ya daɗe. Wanda ka iske yana cin abinci zai ce maka "kain tayo", watau zo mu ci. Mai dawowa daga tafiya ba ya shiga gida hannu rabbana, sai da "pasalubong", ita ce tsaraba. Suna da aikin gayya, "bayanihan", har maƙwabta su kan taru su ɗauki ɗakin gora a kafaɗa su kai shi sabon wuri. Kowace unguwa, wadda su ke kira "barangay", tana da shugabanta, shi ne kamar mai unguwa.

Wanda ke son ganin zaman talakawansu, sai ya bar manyan otal ya shiga motar haya da su ke kira jifni, wadda asalinta jif-jif ne da sojan Amurka suka bari bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ya tsaya a 'yan tiredojin unguwa, ya je kasuwa da asuba lokacin da a ke kawo kifi. Shinkafa ce abincinsu safe da rana da dare, amma naman alade ya yi yawa a girkinsu, saboda haka Musulmi ya yi tambaya kafin ya sa hannu. A Manila akwai unguwar Musulmi a Kiyafo, da babban masallaci da aka gina cikin 1976. A kuma lura da lokaci, don daga Yuni zuwa Nuwamba guguwar teku ta kan yi ɓarna ƙwarai.

ABIN DA BAƘON KADEMI ZAI YI

Mu komo gida. Wanda ke son ya san zaman mutanen Kademi ko Ajingi ko wani gari na ƙasar Gaya, ga abin da tarihin nan ya koya masa.

Na farko, ya zaɓi lokaci. Da damina kowa yana gona, ba mai sukunin hira. Da bazara zafi ya yi yawa, samari kuma sun tafi cin rani. Kaka ta fi, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da a ke girbin gero da dawa da gyaɗa da wake, rumbuna suka cika, aka shiga bukukuwan aure da dambe da kokawa. Lokacin Salla kuma a ke ganin hawan sarakuna.

Na biyu, ya nemi mai masauki tun kafin ya taso, ko da ɗan garin da ke aiki a birni ne zai haɗa shi da gidansu. Da isowa, mai masaukin ya kai shi ya gai da mai gari ko mai unguwa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Baƙon da shugabanni suka san da zuwansa ba a yi masa zato.

Na uku, ya kiyaye zaure. Namiji ya yi sallama ya tsaya, kada ya wuce ciki sai maigida ya ce ya shigo. Ya tuɓe takalmi kafin ya hau tabarma. Mace baƙuwa ita ke da damar shiga wurin mata, ta ga daka da girki da kitso da sana'o'in cikin gida, amma ta rufe kanta da jikinta yadda matan gari su ke yi.

Na huɗu, kada ya yi gaggawar gaisuwa. A tambayi kwana da gajiya da iyali da aiki tukuna, sa'an nan a shiga magana. Ko kalma goma ya iya ta Hausa, ya yi amfani da su. In an kawo ruwa ko fura ko tuwo, ya taɓa ko kaɗan ne, da hannun dama. Ya riƙo tsaraba daidai ƙarfinsa, goro ko sabulu ko turare. Kada ya miƙa wa mai masauki kuɗi kamar mai biyan haya, gara ya ba yara ko ya yi wa uwargida alheri ranar tafiya.

Na biyar, ya tambayi ranar kasuwa ya je da ɗan rakiya, ya zauna a maƙera da majema da rumfar mahauta. In yana son ya ga cinikin shanu, ga kasuwar Wudil ranar Juma'a. Kada ya ɗauki hoton kowa sai da izini, balle mata. In aka yi gayya ko jana'iza ko suna a unguwar da ya sauka, ya je, gama a nan a ke sanin mutum.

Mu kuma masu gari akwai namu nauyin. Kowace shekara ana turo mana baƙi, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan hidimar ƙasa, waɗanda aka fara aikawa jihohi tun 1973. Wanda muka kama hannunsa ya kan zauna ya yi mana aiki da zuciya ɗaya, wanda muka bari a tasha kuwa ya kan nemi canji tun bai kwance kaya ba. 'Ya'yanmu kuma suna can Ikko da Fatakwal da Makka suna baƙunci a ƙofofin waɗansu, suna bukatar abin da baƙonmu ke bukata a nan. Maƙeran Gaya ba su san wanda suka ƙera wa wuƙa ba sa'ad da ya tsaya a ƙofarsu, ga shi kuwa har yau ana ambatonsu saboda shi. Allah ya ba mu ikon riƙe wannan gado.